Yadda ake saita bayanan DNS a sauya wa shafi masauki ba tare da imel ya tsaya ba

Kwamfutoci ba sa gane suna, lamba suke ganewa. Idan mutum ya rubuta sunan wani shafi a burauzarsa, kafin komai ya bayyana sai an nemo lambar adireshin uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, kuma tsarin da ke wannan aiki shi ake kira DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a shekarar 1983. Wayarka ko kwamfutarka ba ta yin binciken da kanta. Tana tura tambayar ga wata uwar garke da zan riƙa kira ɗan aike, galibi ta kamfanin da kake sayen data a wajensa. Ɗan aiken yana fara tambayar manyan uwayen garke na tushe, masu sunaye goma sha uku daga A zuwa M, su kuma su nuna masa masu kula da ƙarshen sunan, kamar .com da ke hannun kamfanin Verisign ko .ng da ke hannun NiRA a Nijeriya. Daga nan a nuna masa uwar garken da ke riƙe da bayanan sunanka, ita ce mai maganar ƙarshe. Amsar da ya samo yana ajiye ta na ɗan lokaci don kada ya sake wannan zirga-zirga, kuma wannan ajiya ita ce tushen yawancin ruɗanin da sabon shiga ke faɗawa ciki.

Aikin da za mu bi shi ne wanda aka fi kawo mini: shafi yana kan tsohon kamfanin masauki, wato kamfanin da ke ajiye fayilolin shafin a uwar garkensa, ana son mai da shi sabo, kuma imel ɗin ma'aikata yana ɗauke da wannan suna. Zan yi amfani da example.com da lambar 203.0.113.10 a matsayin sabon adireshi, da 198.51.100.20 a matsayin tsoho, domin an ware su musamman don koyarwa, ba na kowa ba ne. Kai sai ka sa naka a madadinsu.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne sunan shiga da kalmar sirri na kamfanin da aka yi rajistar sunan a wajensa. Na biyu, izinin shiga wurin da ake gyara bayanan DNS ɗin, wanda ba lallai ba ne ya zama kamfani ɗaya da na rajista. Na uku, lambar adireshin sabuwar uwar garke, da takardar bayani daga kamfanin da ke riƙe da imel. Sai kwamfuta mai umarnin nslookup, wanda yake cikin Windows tun asali, ko dig, wanda ake samu a macOS da Linux. A Windows ana danna maɓallin Windows da R tare, a rubuta cmd, baƙin allon umarni ya buɗe. Wanda waya kaɗai gare shi zai iya amfani da shafukan duba DNS na kyauta, irin Dig na Google Admin Toolbox, amma gyara bayanai a ƙaramin allo abu ne da ban ba da shawararsa ba, saboda lamba ɗaya ta kauce shi ke nan. A ƙarshe ka tanadi littafi ko fayil da za ka rubuta duk abin da ka taɓa da lokacin da ka taɓa shi.

Idan aka ce maka wanda ya gina shafin tun farko shi ke riƙe da kalmar sirri kuma ya ɓace, ka dakata da aikin har sai mai sunan ya karɓo ikonsa daga kamfanin rajista da shaidar mallaka. Babu wata dabara da za ta maye gurbin wannan.

Mataki na 1: Gano inda bayanan suke da gaske

Rubuta nslookup -type=NS example.com ka danna Enter. Za a nuna maka sunaye biyu ko fiye, su ne uwayen garken da duniya ke tambaya game da sunanka, kuma yawanci sunan kamfanin yana cikin sunayensu. A can kaɗai gyaranka zai yi tasiri.

Na daɗe a kan wannan mataki da gangan, don shi ne kuskuren da na fi gani. Kamfanin rajista yana da shafin gyara DNS, tsohon kamfanin masauki yana da nasa, sabon ma yana da nasa, kuma dukansu za su karɓi gyaranka su nuna maka alamar cewa an adana. Amma ɗaya ne kawai daga cikinsu rikodin NS ke nunawa, wato layin bayanin da ke faɗin uwayen garken da ke riƙe da bayanan sunanka. Na taɓa shafe yini guda ina gyara bayanai a shafin kamfanin rajista ina jiran su fara aiki, ashe shekaru biyu da suka wuce wani ya mai da NS ɗin zuwa wani wuri dabam, duk abin da nake rubutawa ba mai karanta shi.

Mataki na 2: Kwafe duk abin da ka tarar

Kafin ka taɓa komai, ka shiga wurin da ka gano, ka kwafe kowane layi: nau'insa, sunansa, abin da yake nunawa, da lambar TTL ɗinsa, wadda zan bayyana a mataki na uku. Idan akwai maɓallin fitar da fayil ɗin bayanan gaba ɗaya, ka yi amfani da shi, idan babu kuma ka ɗauki hoton allo sannan ka kwafe rubutun dogayen layukan TXT dabam, domin hoto yakan yanke ƙarshensu. Ka sani cewa ba za ka iya ganin cikakken jerin daga waje da nslookup ba, domin sunan da ka tambaya kaɗai ake ba ka amsarsa.

Ga ma'anar layukan da za ka gani. Rikodin A yana haɗa suna da adireshin IPv4, wato lambobi huɗu da ɗigo ya raba, kowace tsakanin 0 da 255. Rikodin AAAA shi ma haka yake yi amma da dogon adireshin IPv6, mai kama da 2001:db8::10. CNAME laƙabi ne, yana cewa wannan suna daidai yake da wancan, a je can a tambaya. MX yana faɗin uwar garken da za a kai wa wasiƙun imel. TXT rubutu ne kawai da ake amfani da shi wajen tabbatar da mallaka da kare imel daga masu sojan gona. Alamar @ a gurbin suna tana nufin sunan shi kansa ba tare da wani ƙari a gabansa ba, alamar tauraro kuma tana nufin duk wani suna da ba a ambata dabam ba.

Mataki na 3: Rage TTL tun kafin ranar aiki

TTL adadin daƙiƙun da aka yarje wa ɗan aike ya riƙe amsa ne kafin ya sake tambaya. Lambar 300 minti biyar ke nan, 3600 awa ɗaya, 86400 kuwa kwana ɗaya cur. Abin da mutane ke faɗa cewa sabon bayani yana yaɗuwa a duniya sannu a hankali ba haka abin yake ba. Uwar garkenka tana fara ba da sabuwar amsa cikin ɗan lokaci kaɗan, 'yan aike ne ke ci gaba da ba da tsohuwar da suka ajiye har wa'adinta ya cika.

Don haka ka mai da TTL na rikodin A da AAAA da CNAME da MX zuwa 300, sannan ka jira tsohon wa'adin ya ƙare tukuna. Idan da 86400 ne, jiran kwana ɗaya ya kama ka, domin ɗan aiken da ya yi tambaya minti ɗaya kafin gyaranka zai riƙe tsohuwar amsa har gobe war haka. Wanda ya rage TTL kuma ya sauya adireshi a zama ɗaya bai ci ribar komai ba. Wasu kamfanoni ba sa barin a sauka ƙasa da wata lamba da suka tsaida, sai ka ɗauki mafi ƙanƙantar da suka yarda da ita.

Mataki na 4: Raba hanyar imel da hanyar shafi

Wannan shi ne matakin da ke ceton aiki, kuma shi aka fi tsallakewa. Rubuta nslookup -type=MX example.com ka ga inda wasiƙu ke zuwa. Idan amsar ta nuna sunan wani kamfanin imel mai zaman kansa, kamar smtp.google.com ko aspmx.l.google.com na Google Workspace, to imel ɗinka ba ya rataye da adireshin shafin, ka bar layukan MX yadda suke.

Matsalar tana wajen masaukai masu amfani da manhajar sarrafa masauki ta cPanel da makamantanta, inda bisa al'ada MX ke nuna example.com shi kansa, kuma mail.example.com laƙabi ne da ke komawa kan example.com. Ma'anar wannan ita ce da zarar ka sauya rikodin A zuwa sabuwar uwar garke, wasiƙu ma za su bi shi, su je inda babu akwatin da zai karɓe su. Shafi zai buɗe lafiya lau, kowa ya yi murna, sai bayan kwana biyu a lura babu saƙon da ya shigo.

Gyaran shi ne ka goge laƙabin mail, ka ƙirƙiri rikodin A mai suna mail da ke nuna tsohon adireshi, 198.51.100.20, sannan ka mai da MX ya nuna mail.example.com. Ka yi haka tun kafin ranar ƙaura, ka aika wa kanka saƙo daga wani akwati na waje don ka tabbata yana shiga. Ka kuma duba wayoyin ma'aikata, domin idan an saita su da example.com a matsayin uwar garken karɓa da aikawa, dole a mai da su mail.example.com.

Ƙa'idoji biyu game da MX. Suna yake nunawa, ba a sa masa lambar adireshi kai tsaye, kuma sunan da ya nuna ya kasance yana da rikodin A nasa, kada ya zama CNAME. Lambar fifikon da ke gefensa kuma ƙaramar ita ce gaba, wato mai 10 ake fara gwadawa kafin mai 20. Sabon shiga yakan ɗauka babbar lamba ita ce babba, sai ya juya tsarin.

Mataki na 5: Gwada sabon masauki kafin duniya ta gan shi

Bayan an kwashe fayilolin shafin zuwa sabuwar uwar garke, kana iya sa kwamfutarka kaɗai ta je can alhali sauran jama'a suna kan tsohuwar. A Windows ka buɗe fayil ɗin C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts da Notepad a matsayin mai gudanarwa, a macOS da Linux kuma /etc/hosts, ka ƙara layi ɗaya a ƙasa: 203.0.113.10 example.com www.example.com. Kwamfuta tana duba wannan fayil kafin ta tambayi ɗan aike. Ka buɗe shafin, ka gwada shiga, ka gwada fom ɗin aika saƙo da hotuna. Burauza za ta iya yin gargaɗi game da takardar shaidar tsaro, wadda ke sa shafi ya buɗe da https, idan ba a samar da ita a sabon wurin ba tukuna, wannan ba abin damuwa ba ne a wannan gaɓa. Da ka gama ka goge layin nan take, idan ba haka ba duk gwajin da za ka yi daga baya zai yaudare ka.

Idan ba ka da izinin gyara wannan fayil, yawancin kamfanonin masauki suna ba da adireshin gwaji na wucin gadi, ka nemi nasu.

Mataki na 6: Sauya rikodin A da abin da ke tare da shi

Ka zaɓi lokacin da baƙi suka yi ƙaranci, amma kuma lokacin da kai kana farke kuma wutarka da datarka za su kai ka awa biyu. Ka buɗe rikodin A mai alamar @ ka sauya lambarsa zuwa 203.0.113.10. Gyara shi za ka yi, kada ka ƙara sabo ka bar tsohon, domin idan suna ɗaya yana da rikodin A biyu za a riƙa raba baƙi tsakaninsu, wani ya ga sabon shafi wani ya ga tsoho, kuma gano dalilin yana da cin rai.

Sai ka duba AAAA. Idan akwai tsohon, ko dai ka sauya shi da adireshin IPv6 na sabon masauki, ko ka goge shi idan sabon ba shi da shi. Barin sa yana sa duk mai layin IPv6 ya ci gaba da zuwa tsohon wuri alhali kai a wajenka komai ya yi daidai.

Game da www, idan CNAME ne mai nuna example.com, zai bi sauyin da kansa. Idan rikodin A ne mai zaman kansa, shi ma ka sauya lambarsa. Wasu kamfanonin ba sa ba da lamba, suna kawai suke bayarwa su ce a yi CNAME zuwa gare shi. Wannan yana aiki ga www, amma ba ya halatta a kan @, saboda dokar CNAME ita ce ba ya zama tare da wani rikodi a suna ɗaya, shi kuwa @ dole yana ɗauke da NS da SOA, rikodin da ke riƙe da bayanan gudanarwa na sunan, galibi har da MX. Mafita ita ce rikodin ALIAS ko ANAME idan kamfaninka yana da shi, ko irin dabarar kamfanin Cloudflare da ke warware laƙabin ta ba da lamba a madadinsa. Idan duk babu, sai a sa @ ya riƙa tura baƙi zuwa www.

Akwai wasu ƙananan tarkuna a nan. A gurbin suna yawancin shafuka www kaɗai suke so, su ne ke ƙara sauran, idan ka rubuta cikakken suna sai ka sami www.example.com.example.com. A wasu kuma dole ne cikakken suna ya ƙare da ɗigo, kamar example.com. ke nan, don a san ya cika. Ka dubi yadda aka rubuta tsofaffin layukan ka bi salonsu. Kada ka sa https:// ko wata tsagar hanya a cikin rikodi, DNS bai san da su ba. Haka nan adireshin da ya fara da 192.168 ko 10 na cikin gida ne, ba wanda zai iso shi daga waje.

Mataki na 7: Daidaita layukan TXT

Layin SPF shi ne wanda ya fara da v=spf1, yana lissafa uwayen garken da aka yarje wa aika wasiƙa da sunanka. Misali v=spf1 mx include:_spf.google.com ~all. Suna ɗaya layin SPF ɗaya yake ɗauka. Idan sabon kamfani ya ba ka nasa, ka haɗa shi cikin wanda ke akwai, domin layi biyu suna lalata juna, kuma jimillar tambayoyin da layin zai jawo ba ta wuce goma. Idan tsohon layin yana da harafin a shi kaɗai, ka lura cewa rikodin A na sunan yake bi, wato yanzu sabuwar uwar garke yake nufi, don haka ka tabbata mx yana ciki ko ka ƙara ip4:198.51.100.20 saboda tsohuwar da ke ci gaba da aika imel.

Layin DKIM na tantance sa hannun wasiƙa, mai ɗauke da _domainkey a sunansa, da na DMARC da ke faɗin abin da za a yi da wasiƙar da ta faɗi tantancewa, mai suna _dmarc, ka bar su yadda suke muddin imel bai ƙaura ba. Idan babu DMARC sam, ka fara da v=DMARC1; p=none, wanda ba ya hana kowace wasiƙa wucewa, ka bar tsaurarawa sai komai ya lafa. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta sharuɗɗansu a kan waɗannan layuka, musamman ga masu aika wasiƙu da yawa, saboda haka sakaci da su yana iya jefa saƙonninka cikin kwandon shara. Sauran layukan TXT na tabbatar da mallaka, ko da ba ka gane su ba, kada ka goge.

Mataki na 8: Tabbatarwa

Ka fara tambayar uwar garken da ke riƙe da bayananka kai tsaye, ta hanyar sa sunanta a ƙarshen umarni, kamar nslookup example.com sannan sunan NS ɗin da ka samu a mataki na farko. Idan ta ba da sabuwar lamba, gyaranka ya zauna, abin da ya rage jira ne. Idan ta ba da tsohuwa bayan 'yan mintuna, jira ba zai gyara komai ba, ka koma ka duba ko ka adana ko kuma ka yi gyaran a wurin da ba shi ba.

Daga nan ka tambayi 'yan aike na jama'a: nslookup example.com 8.8.8.8 na Google, da 1.1.1.1 na Cloudflare. Idan sun ba da sabuwar lamba amma burauzarka na nuna tsohon shafi, ajiyar kwamfutarka ce, ka rubuta ipconfig /flushdns a Windows ka rufe burauzar ka sake buɗewa. Gwaji da datar waya bayan an kashe Wi-Fi shi ma yana taimakawa, tunda ɗan aike dabam ne zai amsa. Mai amfani da Cloudflare da alamar gajimare mai ruwan lemo a kunne, wadda ke sa baƙi su fara bi ta uwayen garken Cloudflare, zai ga lambobin Cloudflare maimakon nasa, haka tsarin yake, sai dai ya tabbata gajimaren a kashe yake a kan layin mail, idan ba haka ba wasiƙu ba za su isa ba.

Kada ka riƙa tambayar sabon suna kafin ka ƙirƙire shi. Amsar babu ita ma ana ajiye ta na wani lokaci da rikodin SOA ya tsaida, sai ka ƙirƙiri sunan ka ga kamar bai yi aiki ba.

Yanzu ne lokacin samar da takardar shaidar tsaro a sabon masauki. Let's Encrypt, mai ba da irin wannan takarda, wanda masaukai da yawa ke amfani da shi kyauta, yana tabbatar da mallaka ta hanyar ziyartar shafin a adireshin da DNS ya nuna, shi ya sa yakan ƙi kafin ƙaura. Idan ya ci gaba da ƙi bayan ƙaura, ka duba ko akwai tsohon AAAA da ka manta, ko rikodin CAA da ya taƙaita bayar da takardar ga wani kamfani dabam. A ƙarshe ka gwada fom ɗin shafin. Idan saƙonsa ba ya isowa, wataƙila sabon masaukin yana ɗaukar kansa a matsayin mai karɓar imel ɗin sunan, sai ka shiga sashen Email Routing a cPanel ka zaɓi Remote Mail Exchanger.

Mataki na 9: Idan dole ne a sauya NS

Sabon kamfani yakan ce ka mai da NS zuwa nasa kawai komai ya daidaita. Ni ban cika bin wannan hanya ba sai da dalili, domin sauya NS yana nufin an watsar da tsohon jerin gaba ɗaya an koma sabo, kuma duk layin da ba a kwafa can ba ya ɓace, MX da TXT ne suka fi zama abin shafa. Idan ya zama dole, ka fara cika sabon wurin da duk abin da ka kwafa a mataki na biyu, ka tambayi sabuwar uwar garken kai tsaye layi bayan layi, sannan ka je kamfanin rajista ka sauya sunayen NS. Idan DNSSEC, tsarin sa hannu a kan bayanan DNS, a kunne yake, ka cire rikodinsa na DS a kamfanin rajista ka jira kwana ɗaya ko biyu kafin sauyin, in ba haka ba 'yan aike masu tantance sa hannu za su ƙi amsa sunan baki ɗaya. Rage TTL naka ba ya hanzarta wannan sauyi, domin wa'adin NS a .com daƙiƙa 172800 ne, awa arba'in da takwas, kuma ba a hannunka yake ba. A tsawon wannan lokaci dole tsohon jeri da sabo su kasance suna ba da amsa iri ɗaya.

Mataki na 10: Rufe aiki

Ka bar tsohon masaukin a kunne aƙalla mako guda, kuma idan imel yana can, ba za a rufe shi ba sam sai an kwashe akwatunan. Bayan kwana biyu ko uku ba tare da ƙorafi ba, ka mai da TTL zuwa 3600. Ka duba jerin ka goge layukan A da CNAME da ke nuna wuraren da aka daina amfani da su, domin laƙabin da ke nuna masaukin da aka saki wani na iya karɓe wurin ya kafa shafinsa da sunanka. Sannan ka sake fitar da fayil ɗin bayanan kamar yadda yake yanzu, ka rubuta kwanan wata a kansa, ka ajiye shi tare da na farko, ka ba mai sunan kwafi ɗaya.